Yadda Ake Yi wa Sabuwar Motar Tsere Ƙananan Kwalliya a Kaduna Ba Tare da An Ɓata Ta Ba

Ka sayi Mustang, ko Camaro, ko Nissan 370Z, ko 'yar Toyota 86, ta sauka Kaduna daga Legas ko Kwatano, 'yan'uwa da abokai sun zagaye ta sun yi maka Allah ya sa a kashe lafiya. To amin, Allah ya tsare hanya. Kafin sati ya zagayo kuma zuciya za ta fara raya maka a liƙa wannan, a canza wancan, a baƙanta gilashi, a ɗora fiffike a baya.

Na daɗe ina wannan aiki a motocina da na abokai, kuma shawarata ga sabon shiga guda ce. Irin wannan mota tun daga kamfani aka zana ta don ta ɗauki ido. Aikinka na farko shi ne ka dawo mata da ƙyallin da rana da hannun masu wanki suka ɗauke. Bayan haka sai ka ƙara abu biyu ko uku, kowanne irin wanda za ka iya cirewa gobe ba tare da ya bar tabo ba. Duk abin da za ka yi kuma, ka auna shi da halin garin nan: ƙurar hunturu, ranar Maris da Afrilu, da tudun rage gudu da ke titunan unguwanni.

Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai kankama ba. Idan a wani lokacin ka sayi motar, ba laifi, amma ka yi aikin da sassafe, a inuwa, jikin motar da sanyi.

Kayan aiki

Na wanki: bokiti uku, sabulun wankin mota na ruwa, safar wanki mai laushi, tawul ɗin maikurofaiba kamar goma, da burushi mai laushi na rim.

Na gyaran fenti: yumɓun goge fenti, folish mai kaifi da mai laushi, salatif ɗin takarda irin na masu fenti, sifirit, da injin folish idan da hali. Sifirit ɗin kemis ya isa. Samfefa ta ruwa kuma ka sayi lamba 240, 400, 600, 800, 1000, 1500, 2000 da 3000. Lamba na ƙaruwa, laushi na ƙaruwa.

Na taya da birki: jak, ƙafafun tokare mota guda biyu, sifanar taya, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, burushin waya, feshin wanke birki, fenti mai jure zafi, da takunkumin hanci.

Na liƙe-liƙe: ledar rufe mota, robar shafa leda mai bakin ƙyalle, zaren yanka leda, salatif mai gam fuska biyu na 3M, tef ɗin awo, da injin hura zafi ko na busar da gashi.

Samfefa da burushin waya da fenti za ka samu a Panteka, sauran kayan mota a Ori Apata. Leda mai kyau da yumɓu galibi sai an yi odarsu daga Abuja ko Legas. Kada ka tara duka a rana ɗaya, ka sayi na matakin da kake kai.

1. Ka fara sanin fentin da ke jikin motar

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ke yanke hukunci kan sauran. Da yawa daga motocin tsere da ke shigowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari, aka gyara su a can ko a nan kafin a kafa musu kuɗi. Fentin kamfani daban, fentin gareji daban, kuma ba abu ɗaya suke jurewa ba.

Fito da ita rana, ka tsaya daga gefe ka bi jikinta da ido daga fitila zuwa fitila. Duba ko launin ƙofa ya saɓa da na fenda. Buɗe ƙofofi da bonet da but, ka nemi burbushin fenti a kan robar gilashi, kan noti, ko gefen sitikar kamfani. Sannan ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi ƙarfen da shi. Inda ya saki ko ya yi rauni, akwai fila a ƙasa, wato kwaɓin da masu gyaran jiki ke cike lotsawa da shi. Sai dai a kula, maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Bonet ɗin Toyota 86 alminiyam ne, haka bonet da fendar gaba na Mustang daga 2015, haka bonet da ƙofofi da murfin baya na 370Z. Rashin kamawa a waɗannan wurare ba alamar gyara ba ce.

Idan za ka iya aron na'urar auna kaurin fenti, ta fi komai. Fentin kamfani yakan kai maikuron 100 zuwa 180 gaba ɗaya, maikuron 1000 ne kuwa milimita ɗaya. Wurin da ya nuna 300 ko 400 an sake fesa shi. Wurin da ya gaza 80 an riga an cinye shi da folish, kada ka ƙara.

Idan ka gano an fesa wani sashe kwanan nan, ka ba shi aƙalla wata ɗaya, wata biyu zuwa uku ya fi, kafin waks (man kariya da ƙyalli da ake shafa wa fenti) ko leda su hau kansa, domin sabon fenti yana ci gaba da fitar da sinadarinsa. Kuma ka sani, leda a kan fentin gareji mara kyau, ranar cire ta tana iya tahowa da fentin.

Kafin ka rufe ƙofar direba, ɗauki hoton sitikar da ke jikin ginshiƙinta. A yawancin motoci nan lambar launin fenti take, za ka buƙace ta.

2. Wanki na gaskiya

Ka ajiye omo da sabulun wanke-wanke. Suna cinye waks, suna busar da roba. Ka ajiye tsohuwar singileti da soson buhu.

Fara da taya da rim, da bokitinsu na daban, don ƙurar birki ƙarfe ce kuma ba a so ta kusanci fenti. Daga nan ka watsa wa motar ruwa sosai tun daga rufi har ƙasa kafin hannu ya taɓa ta. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya: ka wanke sashe guda, ka ɗauraye safar a ruwan ɗauraya, sannan ka mayar da ita cikin sabulu. Daga sama zuwa ƙasa, hannu na tafiya a miƙe, ban da zagaye. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe.

Ruwan burtsatse da na rijiya yakan bar fararen ɗigo idan ya bushe a jiki, musamman a baƙar mota, don haka ka tsane ta da tawul nan take. Idan ruwan unguwarku mai barin tabo ne sosai, yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan da ke ɗiga daga AC na ɗaki, ka tara shi a jarka.

3. Yumɓu da folish

Sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet. Idan ka ji ƙurji-ƙurji, datti ne da ya nutse cikin fenti, wanki ba ya fitar da shi. Fesa ruwan sabulu, ka baje yumɓu a tafin hannu ka riƙa goga shi a hankali har wurin ya yi sumul. Idan fuskarsa ta yi datti ka ninke shi. Idan ya faɗi ƙasa ka jefar, ya kwashi yashi ke nan. Ɗigon kwalta kuma, idan babu maganinsa, ɗan kananzir a ƙyalle yana narkar da shi, amma ka wanke wurin da sabulu nan da nan. Fetur da tina kada su kusanci fenti.

Yanzu folish. Abin da folish ke yi shi ne kankare ɗan kaɗan daga farin rufi, wato rufin nan garau mara launi da ke saman fenti, har ƙananan zane su baje. Wannan rufin bai fi maikuron 40 zuwa 50 ba, kuma abin da ka cire ba ya dawowa. Saboda haka ake farawa da folish mafi laushi, a gwada a wuri guda, sai in bai yi ba a hau mai kaifi.

Gwada kowane zane da farce. Wanda farce bai kama ba, folish zai fitar da shi ko ya rage shi. Wanda farce ya maƙale a ciki ya yi zurfi, sai dai a haɗa maka ɗan fenti da lambar launin nan da ka ɗauka, ka ɗiga shi da tsinken sakace, kaɗan-kaɗan, kana bari ya bushe.

Injin folish iri biyu ne. Akwai mai juyawa kai tsaye, irin na masu fenti, wanda a hannun sabon shiga yana ƙona fenti cikin ƙiftawar ido, musamman a kan ƙashin jiki da gefuna. Motar tsere kuwa duk jikinta ƙashi ne da lanƙwasa. Akwai kuma mai juyawa yana karkarwa, wanda ake kira DA, shi nake ba kowa shawara. Rufe robobi da gefuna da salatif. Ɗiga folish ɗigo huɗu ƙanana a soson injin, ka ɗauki wuri kamar santimita 50 a tsaye da kwance, ka baza shi kafin ka ƙara gudu. Tafi a hankali, hagu da dama, sannan sama da ƙasa, soson a kwance sosai. Goge da tawul, ka shafa sifirit da aka sirka da ruwa sosai, ka haska da tocila ka ga gaskiyar aikin. Idan babu inji ko babu wuta, hannu ma yana yi, sai dai ka raba aikin kwana biyu ko uku, kuma ka sa ran ƙyalli ba gogewar kowane zane ba.

Idan fentin motarka irin mara ƙyalli ne tun daga kamfani, folish ba ya hawa kansa sam.

4. Fitilun gaba

Babu abin da ke tsufar da fuskar mota kamar fitila da ta yi rawaya. Murfin fitilar roba ce, kuma rana ce ke ƙona rufin da kamfani ya yi mata. Zagaye ta da salatif ninki biyu. Jiƙa samfefa, ka fara da 800 idan ta lalace sosai, ko 1000 idan da sauƙi, kana fesa ruwa kana gogawa a kwance har rawayar ta daina fita. Hau 1500 a tsaye, 2000 a kwance, 3000 a tsaye. Za ta yi fari fat kamar ta lalace, kada ka tsorata, folish zai dawo da ita garau.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a nan. Ka kankare kariyarta, idan ba ka shafa ko ka fesa sabon rufi mai tare hasken rana ba, cikin 'yan watanni za ta koma gidan jiya. Man goge baki yana ɗan haskaka ta na ɗan lokaci kawai. Masu shafa man birki kuma ka hana su, yana cinye fenti idan ya ɗiga a bamba. Baƙar leda a kan fitila ban yarda da ita ba, gaba ko baya. Wanda ya bi hanyar Zariya ko ta Abuja da dare cikin hazo ya san darajar haske.

5. Rim da kalifa

A ganina nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, don ɗan kuɗi kaɗan ne ke canza tsayuwar motar gaba ɗaya.

Ajiye ta a daɓen siminti mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sassauta noti tun taya na ƙasa. Motar gajeriya ce, jak na gama-gari ba lallai ya shiga ba, sai ka hau da tayar kan katako mai kauri tukuna. Ɗaga ta a wurin da littafin motar ya nuna, ka tokare. Idan babu ƙafafun tokare, yi amfani da katako mai kauri. Bulo yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba, kada ka ba shi amanar ranka.

Kalifa ita ce ƙarfen da ke rungume da faifan birki. Idan motarka ta zo da kalifa ƙirar Brembo ko Akebono masu fentin kamfani, wanke su kawai za ka yi. Idan ta gama-gari ce da ta yi tsatsa, sa takunkumi, ka kankare ta da burushin waya, ka wanke da feshin birki har ƙyalle ya daina baƙi. Rufe faifan, da takalmin birki, da robobi, da tiyon mai, da ɗan notin fitar da iska. Fentin shafawa da burushi ya fi na fesawa sauƙi idan ba ka kwance kalifar ba. Shafa siriri sau biyu ko uku, da tazarar da aka rubuta a gwangwanin, ka bar motar ta kwana ta wuni kafin ka tuƙa. Game da launi, ƙaramar kalifa idan aka yi mata ja, ƙanƙantarta kawai ake nunawa. Baƙi ko ruwan azurfa ya fi mata kyau. Murfin roba da ake ɗorawa a kan kalifa don ta yi kama da Brembo kuwa yana riƙe zafi kuma yana iya ɓallewa cikin rim, a bar shi a shago.

Gefen rim da ya gogi kwalbati, ka baje shi da samfefa 240, ka cike ramin da fila idan ya yi zurfi, ka bi da 400 da 600. Soka tsofaffin katuna tsakanin taya da rim su zagaye, ka fesa fentin share fage, sai launi, sai farin rufi, kowanne siriri, gwangwani na nesa da kamar taƙi guda. Yayyafa wa ƙasa ruwa kafin ka fara don ƙura ta kwanta. Idan so kake ka gwada baƙin rim ba tare da ka ɗaure kanka ba, akwai feshin roba irin Plasti Dip da ake ɓarewa daga baya, amma sai ka yi masa hawa biyar ko shida, in ba haka ba ɓarewar za ta wahalar da kai. Rim mai fuskar da inji ya yanka tana walƙiya, wannan aikin ƙwararru ne.

Wajen mayar da taya, ɗaura noti da hannu tukuna, ka bi su a tsallake, ba a jere ba, ka ƙarasa da sifana mai awo. A ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, Toyota 86 na son 120, 370Z na son 108, Mustang daga 2015 kuma 204. Dubi bambancin, shi ya sa ba a barin mai faci ya hau sifana da ƙafa. Sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100.

Idan sabon rim kake sha'awa, ka san tsarin ramukan notinka, wato yawan ramukan da faɗin da'irarsu a milimita: Mustang da 370Z 5x114.3, Camaro daga 2010 5x120, Dodge Challenger 5x115, Toyota 86 ta farko 5x100. Na 114.3 da na 115 suna shiga juna, amma ba ɗaya ba ne. Kuma kada ka ƙara girman rim ka rage kaurin taya, rami ɗaya a damina ya isa ya lanƙwasa shi. Murfin bakin iska na ƙarfe mai ƙyalli ma ka guje shi: motocin Amurka daga 2008 suna da na'urar auna iska a bakin, kuma inda bakin alminiyam ne murfin ƙarfe yakan manne masa har a karya wajen cirewa. Na roba ya wadatar.

6. Tambari da leda

Sitikar dila da ta gwanjo su fara tafiya. Ɗumama da injin busar da gashi, ka ɓare a hankali, ka goge gam da sifirit. Tambarin baya kuma, ɗumama shi, ka zura zaren nailan ta bayansa kana ja hagu da dama har ya saki. Sukudireba ko wuƙa ba su da aiki a nan. Wasu tambura suna da ƙafafu da suka shiga rami a jiki, galibi babban na tsakiya, ka leƙa ta cikin but kafin ka cire. A tsohon fenti inuwar tambarin takan zauna, folish yana rage ta. Adana su a ambulan saboda ranar sayarwa.

Kada ka liƙa tambarin GT ko 5.0, na mai babban inji, a Mustang mai ƙaramin inji irin EcoBoost ko V6. Wanda ya san mota daga ƙarar inji zai gane, kuma motar ba ta da abin kunya a yadda take.

Leda iri biyu ce. Ta masu rubuta allon shago tana da arha, amma ranar Kaduna za ta tsuke ta, ta tsattsage, ta bar gam. Nemi wadda aka yi don mota, kamar 3M 2080, Avery Dennison SW900 ko Oracal 970. Fara da wuri mai shafe: ginshiƙin ƙofa, farin ƙarfen gefen gilashi, ko layi a bonet. Murfin madubi ƙarami ne amma ya fi ko'ina wuya saboda lanƙwasarsa, bar shi sai hannunka ya faɗa.

Ga yadda ake layin bonet. Goge wurin da sifirit da ruwa rabi da rabi. Auna tsakiya a gaba da baya da tef, ka yi alama da salatif, kada ka yarda da ido. Shimfiɗa ledar da takardar bayanta, ka ɗaure tsakiyarta da salatif a gicciye. Ɗaga rabi ɗaya, ka cire takardar, ka kwantar da ita da robar shafa daga tsakiya zuwa waje, sannan ɗaya rabin. Idan ta yi ƙunci, ɗaga ka ɗan ɗumama, za ta miƙe. Yanka da zaren yanka leda da ka riga ka shimfiɗa a ƙasa. Reza a kan fenti tana barin layi da ba za ka gani ba sai ranar cirewa. A ƙarshe bi gefuna da duk inda ka ja ledar da zafin da ya kai digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Celsius, don kada ta koma yadda take. Injin busar da gashi ba ya kai wannan zafin, idan shi kaɗai gare ka ka tsaya a wurare masu shafe.

Baƙin rufi yana da kyau a farar mota ko ja, amma zai ƙara maka zafi a ciki, kuma ledar rufi da bonet ta fi ta gefe saurin tsufa. Da zarar ta fara dusashewa ka cire, kada ka jira ta gasu. Idan kuma launin motar gaba ɗaya za ka canza, sai an gyara takardunta su dace.

7. Leɓen bamba da fiffike

Kafin ka sayi leɓen gaba, wato abin da ake ƙarawa a ƙasan bamba, ɗauki tef ka auna daga ƙasan bamba zuwa ƙasa. Yawancin motocin nan tsayinsu daga ƙasa santimita 12 zuwa 14 ne, leɓe kuma zai ci wasu daga ciki. Sannan ka je ka kalli gangaren ƙofar gidanka da tudun layinku. Idan yanzu ma sai ka karkace kake hawa, ka haƙura. Idan da sarari, sayi na roba mai lanƙwasa, na faiba da na kabon bugu ɗaya ke tsaga su. Leɓen gaba sai da sukurori ta ƙasa, gam kaɗai ba ya riƙe shi a gudun babbar hanya.

Ƙaramin fiffike na bakin but shi ne na fi so. Ɗora shi a bushe, ka daidaita, ka zagaye da salatif a matsayin alama. Goge da sifirit, ka ɗan ɗumama wurin, ka ɓare bakin takardar gam kaɗan a kowane gefe, ka saita shi, sannan ka zare takardar kana dannawa da ƙarfi. Gam ɗin yana kai cikakken ƙarfinsa bayan awa 72, kafin nan ba wanki, ba gudu. Babban fiffike mai buƙatar huda but ka bar shi, rami ƙofar ruwa ce da tsatsa. Rage tsayin mota kuma, a titunanmu, ban taɓa ba kowa shawararsa ba.

8. Cikin mota

Man da masu wanki ke shafa wa dashbod ya yi ta ƙyalli yana jawo ƙura, yana kuma haska gilashi ya kashe maka ido. Goge shi da tawul mai ɗanshi, ka shafa kariya mara ƙyalli. Sitiyari da giya da feda kada mai santsi ya taɓa su.

Shimfiɗar ƙafa ka sayi wadda aka yanka don motarka, mai ramin maƙalawa, kuma kada ka ɗora wata a kan wata. A 2009 Toyota ta janye miliyoyin motoci a Amurka saboda shimfiɗa na iya danne totur. Rigar kujera ma a kula, akwai jakar iska a gefen kujerun, riga mai rufe ta tana hana ta fita.

Kan giya na motar manuwal juyawa ake yi ya fita a mafi yawansu, amma girman zaren sukurinsa ya bambanta: Toyota 86 M12x1.25, Nissan Z kuma M10x1.25. Na ƙarfe zalla yana ƙona hannu idan mota ta wuni a rana, na fata ya fi dacewa da mu.

Ƙwayayen fitilar ciki da na lamba za ka iya mayar da su LED fari, galibi girman T10 ne. Ɓalle murfin da roba, ba da ƙarfe ba. Idan bai kama ba juya ƙwan, yana da gaba da baya. Duk wayar da ka ga mahaɗinta rawaya ne ta jakar iska ce, kada ka taɓa. Idan ka cire batir, gilashin ƙofa na iya daina ɗan saukar nan da yake yi idan an buɗe ƙofa, sai ka sake saita shi yadda littafin ya nuna kafin ka buga ƙofar. LED a cikin fitilar gaba da aka ƙera don ƙwan halojin kuwa kashe idon masu tahowa yake yi, ba ƙara maka gani ba.

9. Gilashi mai duhu da lamba

Dokar 1991 ta hana gilashi mai duhu sai da izini, kuma 'yan sanda ke bayar da shi, a 2025 ta shafinsu na intanet mai suna POSSAP ake nema. Idan zafi ne damuwarka, akwai ledar seramik mai haske da ke tare zafi ba tare da duhu ba. Wannan aikin ka kai wa gwani, ka gaya masa kada reza ta taɓa layukan da ke gilashin baya, kuma ka yi kwana uku zuwa biyar ba ka sauke gilashi ba. Lamba ta zauna a buɗe, ba murfi mai duhu, ba firam da ke cin harafi. Jiniya da fitila mai walƙiya ja da shuɗi ba na motar gida ba ne. Irin motarka tun daga nesa jami'an FRSC da KASTLEA ke hango ta.

10. Kariya, ita ce ta ƙarshe

An bar ta ƙarshe ne don leda da gam ba sa kama wurin da aka shafa waks. Waks a ranarmu wata ɗaya zuwa uku yake yi. Feshin kariya mai sinadarin seramik ya fi shi daɗewa da sauƙi, shi nake ba sabon shiga. Seramik na kwalba yana shekaru, amma yana buƙatar rufaffen wuri mara ƙura, a shafa ƙaramin sashe a goge kafin ya daskare, a hana shi ruwa awa 24, wanki kuma sai bayan mako. Inda ka manta ba ka goge ba, sai folish zai fitar. Shafa waks siriri, kauri ba ya ƙara kariya. Ban da kan baƙar roba da leda mara ƙyalli.

Idan hunturu ya shigo, ka zaunar da mai gadi da yaran gida ka yi musu bayani, domin da kyakkyawar niyya suke ɗaukar tsumma su kakkaɓe mota da safe. Ƙurar hunturu da busasshen tsumma samfefa ce, sati biyu sun isa su mayar da aikin folish ɗinka baya. Ko dai a watsa ruwa, ko a bar ta da ƙurarta. Rigar rufe mota ma sai a kan wankakkiyar mota, in ba haka ba iska na kaɗa ta tana goga ƙurar a fenti.

Inuwar darbejiya da mangwaro tana da daɗi, amma akwai ƙaro da kashin tsuntsu da na jemage, waɗanda ke cin fenti cikin yini guda idan rana ta buga. Ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa da tawul biyu a but. Idan ka ga kashi, jiƙa tawul ka ɗora a kai minti biyu ko uku ya yi laushi, ka ɗauke shi sama ba tare da gogawa ba, ka share da ɗaya tawul ɗin, sannan idan ka koma gida ka sake fesa kariya a wurin.